Dogon zagaye a bakin Tafkin Jabi: me ya sa nake sarewa kafin in gama?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaci ne a Abuja, ina zaune a Utako, shekaruna 43. Bara an tura ni kwas Ingila na 'yan watanni. A can na saba da sassarfa a wani lambun shaƙatawa na bayan gari, hanyar ta bi gaɓar kogi ta zagaye tafki, kilomita 15, kuma ina gamawa lafiya lau. Da na dawo sai na koma yin kilomita 5 a cikin unguwa, sau biyu a mako, cikin minti 32. Kwanan nan na fara gwada dogon zagaye a Tafkin Jabi ranar Asabar, amma kafin in kai kilomita 9 sai in sare, kaina ya yi nauyi, gefen gwiwata ta dama daga waje ya kama ciwo. Shin tsufa ne, ko akwai abin da nake yi ba daidai ba? Kuma ina mutum zai samu irin waccan hanya a nan Abuja?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayoyi uku ka dunƙule wuri guda: me ya sa jikin da ya ɗauki kilomita 15 a Ingila yake gazawa a kilomita 9 a Jabi, me ke damun gwiwar, sannan ina hanya. Bari in fara sauke maka batun tsufa. Eliud Kipchoge na Kenya yana da shekara 37 lokacin da ya kafa tarihin gudun fanfalaki a Balin a 2022, kilomita 42 da 'yan kai cikin awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9. Dogon zango na cikin wasannin da shekaru ba sa saurin kayar da mutum. A cikin waɗanda nake horarwa akwai 'yan hamsin da ke gama kilomita 21 su wuce ɗaurin aure. Abin da ya canza a wurinka shi ne yawan atisaye, da yanayi, da kuma hanyar kanta.

Lissafin mako

Kilomita 5 sau biyu, kilomita 10 ke nan a mako. Sai ranar Asabar ka nemi jiki ya ba ka 15 a tashi ɗaya, wato abin da ya fi aikin makon gaba ɗaya da rabi. Ƙarfin numfashin da ka tara a Ingila ya fara zagwanyewa tun makonnin farko da ka rage gudu, jijiyoyi da gaɓoɓi kuwa sun fi zuciya da huhu jinkirin sabawa da nauyi, kuma su ne ke fara kuka. Ina kuma kyautata zaton da saurin kilomita 5 kake fita. Minti 32 a kilomita 5 na nufin kusan minti 6 da rabi a kowace kilomita. Dogon zagaye yana son ka ƙara minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi a kan wannan, ka koma minti 7 da rabi ko 8. Ma'aunin da nake ba kowa ba ya buƙatar agogo mai tsada: idan ba za ka iya amsa gaisuwa cikakkiya ba, har da tambayar iyali da gajiya, ba tare da haki ya yanke maka magana ba, to saurin ya yi yawa. Maza da yawa suna jin kunyar wannan sannu-sannun, musamman in samari suna wuce su. Amma a wannan saurin ne jiki ke koyon ƙona kitse, ya tanadi sukarin da ke ajiye a tsoka da hanta, wanda a gudu mai ƙarfi ba ya wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu.

Bakin ruwa ba sanyi ba ne

Nan ne mutane suka fi ruɗuwa. Ido ya ga ruwa shimfiɗe, sai zuciya ta ɗauka wurin ya fi ko'ina sauƙi. Daga ƙarfin da tsoka ke ƙonawa a lokacin gudu, kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ne kawai ke zama tafiya, ragowar duk zafi ne da dole jiki ya fitar. Kuma fitowar zufa ba ita ke sanyaya mutum ba, bushewarta a kan fata ita ce ke ɗauke zafin. Ka dubi randa: da hunturu ruwanta har haƙori yake kamawa, domin abin da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa nan take, da damina kuwa randar na nan jiƙe sharkaf amma ruwan bai yi wani sanyi ba. Haka fatarka take da safiyar Agusta a Jabi. Danshin iskar Abuja a tsakiyar damina yakan haura kashi 80 cikin 100, a gaɓar tafki da sassafe kuma, in iska ta kwanta, abin ya fi haka nauyi. Zufa na ɗiga daga haɓa, riga ta manne, amma zafin yana ciki.

Idan haka ta faru, jiki sai ya karkatar da jini zuwa fata don ya huce, abin da ke isa ga tsoka ya ragu, zuciya ta ƙara bugu alhali saurinka bai ƙaru ba. Nauyin kan da ka ambata daga nan yake farawa. Yanayin da ya fi dacewa da dogon gudu shi ne sanyi mai kusan digiri 10 zuwa 15, irin wanda ka samu a Ingila ba tare da ka nema ba. A Abuja, da bazara, watannin Maris da Afrilu, rana takan wuce digiri 35, kuma tun ƙarfe 8 na safe ta fara cizo. Jiki yana sabawa da zafi cikin kwana 10 zuwa 14, amma fa sai in ana motsa shi a cikin zafin. Wanda ke fita daga ɗaki mai na'urar sanyi zuwa mota mai na'urar sanyi zuwa ofis mai na'urar sanyi, ko shekara nawa ya yi a garin, jikinsa baƙo ne a bakin tafki.

Saboda haka lokacin fita shi ne rabin maganin. Kilomita 15 a kan minti 7 da rabi zai ci maka kusan awa 2. In ka fito bayan sallar Asuba, ka fara da zarar gari ya waye wajen ƙarfe 6, za ka gama wajen 8. In ka tsaya shan shayi da duba waya har 7 da rabi, rabin ƙarshe na gudunka a cikin rana za ka yi shi, daidai lokacin da ƙarfi ya ƙare. A ganina daga Nuwamba zuwa Janairu ne lokacin da ya fi daɗin dogon zagaye a Abuja, ban da ranakun da hazo ya yi kauri, musamman ga mai asma. Sai dai hunturu ma da nasa yaudarar: zufa na bushewa kafin ka gan ta, sai ka ɗauka ba ka rasa ruwa ba.

Tafki ba shi da hanyar yanke

Wannan shi ne abin da na fi so ka riƙe. Gudu a cikin unguwa, in ka gaji, ka karya kwana ka koma gida. Zagayen tafki ba haka yake ba. Da zarar ka kai ɗaya gefen, gaba da baya nisansu ɗaya, ruwa kuma ba a ratsa shi da ƙafa. A daidai wurin ne kuma ruwan gora ke ƙarewa, rana ke ɗagowa, gwiwa ke fara magana. Shi ya sa duk wanda zan tsara wa dogon zagaye, ba daga wurin farawa nake fara tunani ba, daga wuri mafi nisa nake farawa: in ƙafa ta ƙi a can, wa zai gan ka, ina inuwa, ina mai sayar da ruwa, ina za ka tari mota?

Na taɓa tarar da wani bawan Allah a can ɓangaren Kado, zaune a kan kwalbati, hularsa ta yi fari fat da gishirin zufa, leɓɓansa sun bushe, yana riƙe da makullin mota amma motar tana can ƙetaren ruwa. Ba waya, ba ko naira a aljihu, domin wandon gudun ba shi da aljihu. Da na tambaye shi sunansa sai da ya ɗan yi jim kafin ya amsa. Wannan jinkirin amsar shi ya fi tayar mini da hankali, domin ruɗewa, da tangaɗi, da jin sanyi ko tsigar jiki na tashi a cikin zafi, alamu ne cewa zafi ya fara taɓa ƙwaƙwalwa. Irin wannan ba a ce masa ya daure. Inuwa ake kai shi, a jiƙa masa jiki da ruwa, a yi masa fifita, in bai dawo daidai da wuri ba a wuce asibiti.

Lambunan bayan gari irin wanda ka saba da shi a Ingila, wata dokar ƙasar ta 1968 ce ta ba ƙananan hukumomi damar kafa su, shi ya sa za ka ga hanya a gyare, da allunan nuni, da ban-ɗaki, ba mota ko ɗaya. A nan kai ne za ka haɗa wa kanka wannan tsaron. Hanyar da nake bi da ɗalibaina ita ce a kafa sansani wuri guda, ko mota ko wajen wani mai shago da aka saba da shi, a ajiye ruwa da dabino, sannan a riƙa yin ƙananan zagaye na kilomita 3 zuwa 5 ana dawowa. Sau uku na kilomita 5 da sau ɗaya na kilomita 15 duk ɗaya ne a wajen zuciya da tsoka. Bambancin kawai, a na farko ba ka taɓa yin nisan da ya wuce kilomita 2 da rabi daga ruwanka ba. Na san akwai gundura, kuma na san daɗin babban zagaye shi ne ido ya riƙa ganin sabon wuri. Za ka kai can. Amma kafin ranar, ka bi hanyar da mota ko da tafiyar ƙafa ka san ta, ka fita da waya, da ɗan kuɗin mota, da takarda mai lambar wani na gida, kuma ka faɗa wa iyali inda ka nufa da lokacin da za su sa ran dawowarka.

Ina za a je a Abuja

Tafkin Jabi, wanda ɗan Adam ne ya tare ruwansa, yana tsakanin Jabi da Kado. Filin shaƙatawar da ke kan titin Alex Ekwueme shi ne matattarar masu motsa jiki, ranar Asabar da safe za ka tarar da shi cike: masu rawar motsa jiki da lasifika, masu tsalle da igiya, iyaye mata a rukuni suna tafiya da hijabansu da kambas. Wannan cikar alheri ce ga mai dogon gudu, domin akwai ido, akwai ruwan saye. Matsalarsa ita ce gaɓar ba a buɗe take gaba ɗaya ba. Gine-gine da katangu sun cinye wasu sassan, har da babban kantin da ke kan titin Bala Sokoto, don haka mai son cikakken zagaye dole ya hau titi ya haɗa hanya da motoci.

Lambun Millennium da ke Maitama, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe a Disamban 2003, shi ne ke da rafi. Fili ne mai kusan hekta 32, rafin ya raba shi biyu, gefe guda an tsara shi da maɓuɓɓugan ruwa da hanyoyi miƙaƙƙu, ɗaya gefen an bar shi da itatuwa. Ya fi Jabi inuwa, ba kuma mota. Amma ƙarami ne ga mai neman kilomita 15, sai an yi ta maimaitawa, kuma ka tambayi masu gadi lokacin buɗe ƙofa kafin ka tsara fitar sassafe. Haɗa shi da Jabi a gudu ɗaya ba na ba da shawara, abin da ke tsakaninsu manyan tituna ne.

Wurin da ya fi kama da abin da kake kewa shi ne Dam ɗin Usuma, kusa da Ushafa a yankin Bwari: ruwa mai faɗi, duwatsu kewaye, hanyar jar ƙasa. Sai dai madatsar ruwan shan birnin ce, tana hannun hukumar ruwa, ba filin wasa ba, saboda haka da izini ake shiga. Akwai hawa da gangara da za su ninka maka wahala, kuma yankin ya sha fama da matsalar tsaro a 'yan shekarun nan. Ba wurin zuwa kai kaɗai ba ne, sai cikin ayari, da rana ta fito, tare da wanda ya san wurin. In kuwa aiki ya kai ka Jos, ka tafi da takalminka. Garin yana kan tudu mai kusan mita 1,200, safiyarsa sanyi gare ta, kuma ba banza ba Filato, musamman wajen Pankshin, take fitar da yawancin gwanayen dogon gudu na ƙasar nan. Tafkunan can da yawa tsofaffin ramukan haƙar kuza ne masu zurfi da gaɓa a tsaye, kallo kawai ake yi musu.

Ko ina ka je, kada zafi ya sa ka tsoma ƙafa ko ka wanke fuska a tafki ko rafi. Tsutsar da ke kawo tsargiya a jikin dodon koɗin ruwa take girma, ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Da damina kuma rafi yakan cika cikin mintuna saboda ruwan da aka yi a wani wuri, gadar ƙafa mai gansakuka santsi gare ta, kuma in ka ji tsawa ka bar bakin ruwa da ƙarƙashin itace, ka nemi gini ko mota.

Ruwa da abinci

Mai gudu a zafi yakan rasa daga rabin lita zuwa lita 2 na zufa a awa guda, kowa da nasa. Don ka san naka, ka hau sikeli kafin fita da bayan dawowa: duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce. Abin da ake so kada ragin ya wuce kashi 2 cikin 100 na nauyinka, wato kilo 1.6 ga mai kilo 80. Yawancin mutane rabin lita zuwa kashi uku cikin huɗu na lita a awa yana isar su, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Ɗura ruwa zalla fiye da ƙima shi ma haɗari ne, yana tsarma gishirin jini. In gudun zai wuce awa ɗaya, gora ɗaya ta zama ta ruwan gishiri da sukari, irin na leda da ake sayarwa a kemis, ko ka haɗa da kanka: lita ɗaya, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Bayan awar farko, ƙananan dabino 5 ko 6 a kowace awa, ko ayaba ɗaya, sun wadatar. Kafin fita, ɗan koko ko burodi da shayi. Ƙosai da masa a bar su sai an dawo. Bayan gudu ban ga abin da ya kai fura da nono ba. Da azumi kuma a ajiye dogon zagaye, a koma gajere gab da shan ruwa ko bayan tarawihi.

Gwiwar

Ciwo a gefen gwiwa ta waje, wanda ba ya nan a farkon gudu sai an yi nisa, ya fi tsanani a gangara, ya kuma lafa in an tsaya, ya fi kama da matsalar wata jijiya mai faɗi da ta taso daga ƙugu, ta bi gefen cinya, ta sauka ƙasan gwiwa. Sananniyar matsala ce ga wanda ya ƙara nisa farat ɗaya. Akwai kuma abin da bakin ruwa ke ƙarawa. Ƙasar gaɓa kullum a karkace take zuwa wajen ruwa, gefen titi ma a karkace yake zuwa kwata. In tafkin yana hannun damanka tun daga farko har ƙarshe, ko kana bin gefen dama na titi, ƙafar dama ce ke sauka ƙasa-ƙasa a kowane taku, sau dubbai. Ka riƙa juya alkibla tsakanin zagaye da zagaye, ka nemi inda ƙasa ta daidaita, a titi kuma ka fuskanci motoci, kada ka ba su baya. Ka rage faɗin taku, ƙafa ta riƙa sauka kusa da ƙarƙashin jiki.

Asalin gyaran a ƙugu yake. Sau biyu ko uku a mako, ka kwanta a gefe ka riƙa ɗaga ƙafar sama a miƙe. Ka kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, ka ɗaga ƙugu. Ka tsaya a matakala da ƙafa ɗaya ka sauko a hankali ba tare da gwiwa ta karkata ciki ba. Takalmin gudu kuma yana gajiya tsakanin kilomita 500 zuwa 800, ko da samansa na nan kamar sabo, na gwanjo kuwa ba wanda ya san nisan da ya riga ya ci. Abu ɗaya nake roƙonka da shi: kada ka sha maganin kashe ciwo irin ibuprofen ko diclofenac don ka samu ka gama zagaye. A cikin zafi da ƙarancin ruwa suna iya taɓa ƙoda, kuma suna rufe bakin gwiwar da ke gaya maka gaskiya.

Yadda za ka hau

Ka ba gwiwar mako biyu na tafiyar ƙafa da atisayen ƙugu, da gajeren gudun da ba ya tayar da ciwon. Bayan nan ka koma fita sau uku a mako, biyu gajeru, ɗaya dogo. Dogon ka auna shi da lokaci: ka fara da minti 40, ka riƙa ƙara minti 10 kowane mako, duk mako na huɗu ka rage ka huta. Cikin kusan wata uku za ka kai awa 2. Gudun minti 9 da tafiyar minti 1 tun daga farko, kafin gajiya ta zo, yana kai mutane da yawa ƙarshe da sauran ƙarfi. Sannu ba ta hana zuwa.

Ni mai horarwa ne, ba likita ba, kuma gwiwar da ban taɓa da hannu ba ba zan yanke mata hukunci daga wasiƙa ba. Tunda ka haura 40, ka auna hawan jini da sukari kafin ka fara wannan tsarin, ka kuma san rukunin jininka na sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar a ƙasar nan AS ne, wato suna ɗauke da ƙwayar halittar sikila amma ba su da ciwon, suna gudu lafiya, amma matsananciyar wahala a cikin zafi da ƙishirwa ta fi yi musu haɗari, don haka su ne suka fi buƙatar hawa a hankali. Ciwon ƙirji, ko jiri, ko bugun zuciya da ya rikice, tsayawa ake yi nan take a ga likita. Gwiwa kuma in ta kumbura, ko tana maƙalewa, ko tana sullewa, ko ciwon bai ragu ba bayan makonni biyun nan, ka je sashen fisiyo a asibiti, wato masu gashi da motsa gaɓoɓi, ka tafi da tsohon takalminka su duba ta inda ƙasansa ya fi cinyewa.